TSOKA, HATSI DA LEDA: DUKANSU SARƘA NE

Ina gaida ƴan makarantar yaƙi da jahilci da malumansu, duk inda suka taru gindin rediyo. Yau hirarmu bisa jikin ɗan Adam take, amma sai mun bi ta rumbu, mun leƙa majema, mun ratsa kasuwa kafin mu ƙare. Kowa ya gyara zama.

Ku miƙe hannun dama. Ku ɗora tafin hagu bisa dantse. To, ku lanƙwasa hannun da ƙarfi, kamar kuna ɗaga guga cike da ruwa. Mi kuka ji? Wani abu ya taso, ya yi tauri. Ku saki. Ya kwanta. Wannan ita ce tsoka, ita ce jan naman da mahauci ke yanka muku a kasuwa. Mutum yana da tsoka fiye da 600 a jikinshi. In an auna namiji baligi, wajen kashi 40 cikin 100 na nauyinshi tsoka ce. Da ita ake noma, da ita ake daka, da ita kuke riƙe alkalami.

To, mi ke sa ta taƙura? Masanan zamanin da sun yi tsammani wata iska ce ke bin jijiya ta kumbura ta, kamar yadda mahauci ke hura tunkiya kafin fiɗa. Wani masani na ƙasar Holan, Jan Swammerdam, fiye da shekara 300 da suka wuce, ya sa tsokar kwaɗo cikin kwalba rufaffiya, ya tsokane ta har ta taƙura. Sai ya ga girmanta bai ƙaru ba. Abin da ta samu a kauri, ta rasa shi a tsawo. Ashe ba iska ba ce. Kafin in gaya muku ko mine ne, sai kun koyi kalma ɗaya sabuwa.

KALMAR FOLIMER

Ku dubi carbi. Ɗan carbi guda ƙaramin abu ne, in ya faɗi cikin rairayi da wuya a gan shi. Amma in aka jera su bisa zare, sun zama abu mai tsawo da ake ratayawa. Haka jigida, haka sarƙa. To, abubuwa da yawa na duniya haka aka yi su: ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, sun kama juna ɗaya bayan ɗaya, dubu bisa dubu, har sun zama doguwar sarƙa. Masana suna kiran ƙwaya guda monomer, sarƙar kuma folimer. Kalmar daga harshen Girka ta fito, ma'anarta mai sassa da yawa.

Wani Bajamushe, Hermann Staudinger, shi ya tsaya a shekara ta 1920 ya ce roba da sitaci da auduga dogayen sarƙoƙi ne. Abokan aikinshi da yawa sun ƙi yarda, suka ce babu ƙwayar da ke iya yin wanga tsawo. Ya yi haƙuri yana ta kawo hujja. A shekara ta 1953 aka ba shi lambar yabo ta Nobel.

In za a raba folimer, abu na farko da ake tambaya shi ne: daga ina ya fito? Akwai wanda Allah ya halitta cikin tsiro da dabba da mutum. Akwai wanda aka halitta, mutum ya gyara shi. Akwai kuma wanda mutum ya ƙera a masana'anta tun daga farko. Mu fara da na rumbu.

Garin hatsi, mafi yawanshi sitaci ne. Sitaci sarƙa ce, ƙwayarta kuma wani irin sukari ne da ake kira gulukos. Ku gwada: ku tauna loma ɗaya ta tuwo marar miya, ku daɗe ba ku haɗiye ba. Za ku ji ɗan zaƙi-zaƙi. Miyau ne ya fara tsinke sarƙar. To, ga abin mamaki. Karan hatsin nan da muke danni da shi, da audugar rigarka, da takardar da ke hannunka, su kuma selulos ne. Selulos sarƙa ce, kuma ƙwayarta gulukos ce, irin ta sitaci sak. Ƙwaya ɗaya ce, ƙullin ne ya bambanta. Cikin mutum yana da almakashin da ke yanke ƙullin sitaci, ba shi da na selulos. Shi ya sa muke cin tsaba mu bar kara. Saniya da akuya da raƙumi su ma ba su da almakashin nan na kansu. Wasu ƙananan halittu ne ke zaune cikin tumbinsu suna yanke musu, su ci, dabba ta ci. Ƙaron da ake ɗiba bisa dakwara a kai kasuwa, shi ma sarƙar sukari ce, mai rassa da yawa. Jikinmu kuma yana ajiyar gulukos cikin hanta da tsoka, a ƙulle cikin wata sarƙa mai rassa, sunanta gilikojan. Rumbun jiki ke nan, amma ƙaramin rumbu ne, ba ya kai mutum nesa.

SARƘA MAI BAƘAƘE ASHIRIN

Yanzu mun zo ga wadda ta fi dukansu. Kun saba jin ma'aikatan lafiya suna cewa abinci mai gina jiki. Abin da ke ginawar shi ake kira furotin. Furotin ma sarƙa ce, sai dai ƙwayoyinta ba iri ɗaya ba ne. Iri 20 ne, ana kiran su amino.

Ku da kuke koyon karatu, kun fi kowa saurin gane wannan. Da baƙaƙe kaɗan muke rubuta duk maganar da ke bakin Bahaushe. Baƙaƙen ba su canzawa, jerin ne ke canzawa. Haka amino. In an jera su ta wata hanya, sai su zama gashi da farce da ƙaho. In an jera su ta wata, sai su zama fata da agara. Ta wata hanyar kuma su zama farin ƙwai, ko jan abin da ke ɗaukar iska cikin jini.

Kun kuma san abin da ƙugiya guda ke yi. Baki daban, baƙi daban. Wanda ya manta ƙugiya ya ɓata wasiƙa. To, cikin jan abin nan na jini akwai wata sarƙa mai amino 146. In na shida kaɗai ya canza, mutum kuma ya gaji canjin daga uwa da uba duka, shi ne ciwon amosanin jini, wanda wasu ke kira sikila. Baƙi ɗaya cikin 146. Ba maita ba ce, ba sammu ba ne, kuma ba laifin uwa ita kaɗai ba ne kamar yadda ake ɗora mata a wasu gidaje. Kuskuren rubutu ne da aka gada ta ɓangare biyu.

To, mu koma ga dantse. In kun dafa nama ya yi laushi, kuna ganin yana rabuwa sili-sili. Kowane sili damin zaruruwa ne, kowane zare kaurinshi kamar silin gashi, ko bai kai ba. Cikin zaren akwai wasu zaruruwan ɗaruruwa da suka fi shi sirantaka. Su kuma an raba su gaɓa-gaɓa kamar karan dawa. Mu kira kowace gaɓa ɗaki. Masana suna ce mashi sarkomer. Ku dubi ƙaramin layin nan na bisa abin awon malam, milimita ɗaya. Ɗaki 400 zuwa 500 za su jeru cikinshi.

Kowane ɗaki yana da bango biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Daga kowane bango wasu siraran igiyoyi sun miƙo zuwa tsakiya. Sunansu aktin. A tsakiyar ɗaki kuma akwai wasu igiyoyi masu kauri, kwance tsakanin siraran. Sunansu miyozin. Dukansu furotin ne. Aktin ma abin kallo ce: kowane ɗan dunƙulenta sarƙa ce mai amino 375 da ta nannaɗe, sa'an nan dunƙulen suka sake jeruwa suka yi igiya mai tufka biyu. Carbi ne da aka yi da carbi. Wani Bajamushe, Wilhelm Kühne, ya raɗa wa miyozin suna a 1864. Aktin kuwa sai a 1942 Bruno Straub ya ware ta a ƙasar Hangari, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu.

Igiyar miyozin ba sumul take ba. Ƙwayar miyozin wajen 300 ne suka haɗu suka yi ta, kowace da kawuna biyu da suka leƙo waje. Ni dai na fi son in kira su hannuwa, don aikin hannu suke yi.

Kowa ya san jan ruwa a rijiya mai zurfi. Ka miƙa hannu, ka kama igiya, ka jawo, ka saki, ka sake miƙawa gaba. Igiyar ba ta gajarta ba. Hannunka bai gajarta ba. Amma guga yana matsowa. Haka hannuwan miyozin ke yi wa aktin. Su kama, su jawo ta tsakiyar ɗaki, su saki, su sake kamawa gaba kaɗan. Da yake aktin ɗaure take ga bango, sai bangon dama da na hagu su matso kusa da juna. Ɗaki ya ƙuntata. In mutum biyar suna jan igiya ɗaya, ba su saki gaba ɗaya, in ba haka ba guga ya koma rijiya. Su ma hannuwan haka suke: wasu na riƙe, wasu na miƙawa.

Ku gwada da hannuwanku. Ku buɗe yatsu, na dama su dubi na hagu. Ku sa kan yatsun wannan tsakanin na wancan, ku tura a hankali. Yatsunku sun rage tsawo? A'a. Amma tafi ya matso kusa da tafi. Shi ke nan, kun ga sirrin.

Jawowa guda ba ta wuce wajen kashi ɗaya cikin 100,000 na milimita. Ba komi ba ce. Amma ɗakuna dubbai ne a jere, zaruruwa dubbai ne a dame, duk suna ja lokaci ɗaya. Da haka ake ɗaga buhun hatsi. A shekara ta 1954 aka bayyana wanga bayani. Ƙungiya biyu ta masana, kowace na aikinta daban, suka fito da shi rana ɗaya cikin mujalla ɗaya. Ɗaya Andrew Huxley da Rolf Niedergerke, ɗaya kuma Hugh Huxley da wata mace, Jean Hanson. Huxley biyun nan suna ne kawai ya haɗa su, ba dangi ba ne.

Ku lura, hannun da ke jan igiya ba ya iya tura ta. Tsoka ma ja kawai ta sani. Shi ya sa aka yi su kishiya-kishiya: ta gaban dantse ta lanƙwasa hannu, ta baya ta miƙe shi.

Wani zai ce: malam, in hannuwan suna kusa da igiya kullum, mi ke hana su ja dare da rana? Tambaya ce mai kyau. Akwai wani siririn zare kwance bisa aktin, ya rufe wuraren kamawa. Sunanshi turofomiyozin. Bisa shi akwai kwaɗo, irin na ƙofa, sunanshi turofonin, wanda wani masanin Japan, Setsuro Ebashi, ya gano a 1965. Mabuɗin kwaɗon kuwa kalsiyum ne, sinadarin nan da ke cikin ƙashi da nono. In ka yi niyyar ɗaga hannu, ƙwaƙwalwa ta aiko saƙo ta jijiya. Saƙon ya iso, sai ƴan ma'ajiyoyin da ke cikin zaren tsoka su saki kalsiyum. Ya shiga kwaɗo, zaren ya gusa, hannuwa su kama. Saƙo ya tsaya, a kwashe kalsiyum a mai da shi ma'aji, a rufe, tsoka ta huta. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Ƙiftawar idon ma haka ake yin ta.

Akwai na biyar, sunanshi titin. Ba titin mota ba. Shi ne furotin mafi tsawo da aka sani a jikin mutum, amino wajen 30,000 a sarƙa guda. Yana riƙe miyozin a tsakiyar ɗaki, yana miƙewa yana komawa kamar danƙo.

Zuciya ma tsoka ce, da aktin da miyozin take bugawa, wajen sau 100,000 kowace rana. In wani sashenta ya lalace, turofonin yana zubowa cikin jini, kuma da shi likitoci ke gane bugun zuciya a manyan asibitoci. Hanji da mahaifa su ma da aktin da miyozin suke aiki, ko da yake jerinsu daban ne. Naƙuda aikin tsoka ce.

Aikin nan ba kyauta ba ne. Jiki yana ƙona gulukos da iskar da muke shaƙa, ya yi wani sinadari da ake kira ATP. Ku ɗauke shi kamar ƴan canji. Duk kamu ɗaya da saki ɗaya, sai an biya ɗaya. Mafi yawan ƙarfin ma zafi yake zama, shi ya sa mai noma ke gumi, shi ya sa kuma jiki ke karkarwa da sanyin hunturu don ya ɗumama kanshi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, sai ATP ya zo hannun miyozin ke iya sakin igiya. Mahauta sun san wannan ko da ba su san sunanshi ba. Awoyi kaɗan bayan yanka, nama yana sandarewa. Numfashi ya tsaya, canji ya ƙare, hannuwa suka kama ba su saki ba. Sai bayan kwana ɗaya ko biyu ya sake laushi, don igiyoyin sun fara tsinkewa da kansu. Dattawa ma da ke gaggauta rufe idon mamaci da miƙe mashi gaɓoɓi, abin da suke riga ke nan. Allah ya sa mu cika da imani.

Akwai wata sandarewa ta mai rai, ita ce ciwon tetanos, mai sarƙe haƙora ya banƙare baya. Ƙwayar cutar tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi. Tana shiga ta rauni, ko ta cibiyar jariri in an yanke ta da reza marar tsabta, ko an shafa mata abin da bai kamata ba. Dafinta ba ya taɓa aktin da miyozin. Jijiyoyin da ke cewa tsaya, su yake toshewa, sai saƙon ja ya yi ta zuwa ba hutu. Allurar rigakafi tana hana shi. Mace mai ciki da ta yi ta, ta kare kanta ta kare jaririnta. Maigida, kai ne mai ba da izini da kuɗin mota, kada a ji daga gare ka aka samu jinkiri.

WAKE DA HATSI

To, da mi ake gina igiyoyin nan? Wanda ya ci naman rago ba ya zama rago. Ciki yana wargaza sarƙar ya mai da ita baƙaƙe ɗai-ɗai, jiki ya sake rubuta nashi. Cikin amino 20, jiki yana iya ƙera 11 da kanshi. Sauran 9 tilas daga abinci za su fito. In ɗaya ya yi ƙaranci, rubutu ya tsaya, kamar a ce ka rubuta sunan Maraɗi a hana ka baƙin ɗ.

Hatsi yana da furotin wajen kashi ɗaya cikin goma, amma yana da ƙarancin wani amino mai suna lizin. Wake yana da furotin wajen kashi ɗaya cikin huɗu, lizin kuma ya wadata cikinshi. Shi kuma yana da ƙarancin wani mai suna metiyonin, wanda hatsi ke da shi. Kamar maƙwabta biyu ne, ɗaya na da sa, ɗaya na da amalanke. In an haɗa su cikin cimar yini ɗaya, kaya ya isa gida. Nono da cuku da ƙwai da kifi da nama suna da tara ɗin duka. Gujiya da ƙuli-ƙuli da fara da ganyen zogale duk suna ƙarawa.

A nan zan faɗi gaskiya, ko ba daɗi. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi noman wake a duniya. Amma da kaka sai a auna shi duka a sayar, a bar yaro da farau-farau. Buhu ɗaya da aka ɓoye don kunun yara ya fi kuɗinshi amfani. Kuma wanda ya ce ƙwai yana sa yaro sata, bai kawo shaida ba har yau.

In abinci ya kasa, jiki ba ya tsayawa jira. Sai ya koma ya wargaza tsokarshi ya ƙona, kamar mai cire azarar ɗaki yana hura wuta. Tamowa ke nan. Shi ya sa ake auna dantsen yaro da ɗan ma'aunin nan mai kala ukku, daga wata 6 zuwa shekara 5. Tsokar da ta rage ake dubawa. In ya nuna kore, madalla. In rawaya ne, wato tsakanin santimita 11 da rabi da 12 da rabi, a kai shi a duba. In ja ne, ƙasa da 11 da rabi, ko kuwa ƙafafu biyu sun kumbura, a tafi gidan likita ranar nan, kada a jira ranar kasuwa. Akwai magani. An koya wa uwaye da yawa na ƙasarmu awon nan, kuma lambobin da ke bisa shi ba su fi ƙarfin ɗan ajinmu ba. Jariri kuwa, har wata 6 nonon uwa kaɗai ya ishe shi.

NA GYARA DA NA ƘIRA

Kashi na biyu shi ne wanda mutum ya gyara. Majemanmu sun daɗe suna yi. Ɗanyar fata furotin ce, in an bar ta sai ta ruɓe ko ta bushe ƙamas. In an jiƙa ta cikin ruwan bagaruwa, sinadarin bagaruwa ya shiga ya ɗaure sarƙa da sarƙa, sai ta zama kirgi mai daɗewa. Haka ake yi wa fatar jar akuyar Maraɗi. A Amurka, a 1839, Charles Goodyear ya dafa danƙon itacen roba da farar wuta, ya samu robar da ba ta narkewa da zafin rana. Da irinta ake taya. A Ingila kuma, a 1892, aka gano yadda za a narkar da selulos na itace a ja shi ya zama zaren tufafi mai sheƙi.

Kashi na ukku, na masana'anta, yawanci daga man fetur da gas ake samun ƙwayoyinshi. Na farko shi ne bakalit, wanda Leo Baekeland ya yi a Amurka a 1907. Foliyetilan, uwar leda da bido, a Ingila aka same ta a 1933. Nailan a Amurka a 1935. Akwai PVC na bututun famfo. Mu dai duka roba muke ce musu. Kada a raina su. Gidan sauro da sirinjin allura da butar alwala duk daga nan suka fito.

Ana kuma raba folimer bisa halinshi gaban wuta, wannan kuwa daga siffar sarƙa yake. Wata miƙaƙƙiya ce kamar igiya, wata mai rassa ce, wata kuma an ɗaure ta ko'ina kamar koma. Ta farko da ta biyu, in sun ji zafi sarƙoƙin suna zamewa bisa juna, su narke, su sake daskarewa, kamar man shanu. Shi ya sa mai liƙi ke gyara maka bokiti da takalmin roba da ƙarfe mai zafi. Mai siffar koma ba ta narkewa, sai dai ta ƙone. Marikin tukunya na bakalit haka yake, taya ma haka. Da yake ba a iya narka taya, sai mutanenmu suka yanke ta takalmi, tib ɗinta kuma guga.

Mata, ga abin da ya shafe ku. Yadin auduga in ya kama wuta yana ci kamar takarda, ya bar toka. Yadin nailan da irinshi narkewa yake, ya manne wa fata, ƙunar ta yi zurfi. Shi ma na auduga sai an yi hattara, amma mai narkewa bai dace da gindin murhu ba, balle a jikin yaro da ke jin ɗumi lokacin sanyi.

Sauran abu ɗaya, yadda ƙwayoyin ke kama juna. Cikin sitaci da selulos da furotin, duk inda ƙwaya biyu suka ƙulla, ƙwayar ruwa ɗaya ce ta fita. In ana son kwancewa, sai a mai da ruwan wurin. Abin da ciki ke yi ke nan, abin da ƙananan halittun ƙasa ke yi wa kara da taki ke nan har su ruɓe. Ƙwayoyin leda kuwa haɗuwa suka yi kai tsaye, ba abin da ya fita, kuma ƙullin mai wuyar kwancewa ne ƙwarai. Rana tana farfasa ta ƙanana-ƙanana, amma ba ta zama taki. Halittun tumbin akuya, gwanayen kara, ba su iya mata komi. Akuya ta ji ƙanshin ƙosai ta haɗiye, leda ta taru cikin tumbi ta dunƙule, ta hana abinci wuri. Dabba ta yi ta ramewa ciki a kumbure, mai ita yana neman magani. Ku tambayi mahautan garinku abin da suke fitarwa daga tumbi.

A shekara ta 2014 ƙasarmu ta yi dokar hana siraran ledoji. Kowa ya dubi ƙayar da ke bakin garinsu ya ga inda aka kwana. Kwarya da kwando da jakar kaba ba su ƙare ba tukuna. Masu kunna gawayi da leda, su bari. Hayaƙin roba guba ne, na PVC ya fi muni, kuma wanda ke goye a baya shi ma yana shaƙa.

Malamai, kalmomin allo na wanga mako su ne: tsoka, sarƙa, wake, dantse, baƙi, leda. Kowane ɗan aji ya zo da zare guda daga bakin tsohon zane ko riga. A fita waje, a ajiye ruwa kusa, malam ya riƙe zaren da hantsaki ya sa mashi ashana. Ku rubuta wanda ya bar toka, ku rubuta wanda ya narke ya dunƙule. Ku aiko mana da abin da kuka gani, da rubutun hannunku. Mu kwana lafiya.